Waɗanda suka dawo haɗa jiragen ruwa na roba bayan dogon lokaci, ku zo mu ji yadda kuka yi

Baban Khalifa (Rikkos)

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba a Gangare sai na ci karo da kwalin Cutty Sark ɗina na kamfanin Revell, ƙaramin samfurin jirgin ruwa na roba da ake haɗawa da hannu, wanda ƙanin Baba ya kawo min tsaraba daga Ingila a 1988 lokacin ina aji biyu a sakandare. Na haɗa gangar jikin, na kafa sanduna ukun, da na zo kan igiyoyi abin ya gagare ni na tura shi ƙarƙashin gado, daga nan ban sake bi ta kansa ba. Ni duk a zatona an yar da shi tuntuni, ashe Baba ya naɗe shi cikin tsohon bargo ya ɗora saman wadrob, har takardar bayanin yana nan a ninke cikin leda. Wallahi sai da na zauna a bakin gado na yi shiru.

To yanzu na ƙudura zan ƙarasa shi in sha Allahu. Amma gam ya bushe, ƙananan gwangwanayen fentin Humbrol duk sun zama dutse, sandar tsakiya ta tsage, kuma idon ba irin na da ba ne. Na san akwai waɗanda suka bar abin nan suka dawo, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da hannunsa.

Ɗan Bukuru

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Abu na farko Yaya, kar ka taɓa shi da supa gulu na kan tebur, ni abin da ya kashe min jirgina na farko da na dawo kenan. Yana barin farin dabbare kamar gishiri a jikin robar, kuma wajen ya yi tauri, ɗan motsi kaɗan ya ɓalle. Gam ɗin robar shi narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya. Ka nemi Revell Contacta mai bakin allura ko Tamiya Extra Thin, akwai yara masu kawo kaya daga waje, kuɗin aikowar ne dai zai ɗan taɓa ka, amma kwalba ɗaya za ta ishe ka jirgin gaba ɗaya har da saura. Supa gulu sai dai wajen ɗaure ƙullin zare, shi ma da bakin tsinken sakace.

Malam na Nasarawa

Allah ya gafarta wa mahaifinka, Baban Khalifa. Ni na dawo ne bayan na yi ritaya daga koyarwa, na ɗauki jirgin yaƙi HMS Victory na kamfanin Airfix, sikelin 1:180 (wato na gaske ya ninka shi tsayi sau 180), irin wanda na taɓa lalatawa ina yaro. Tarihi na koyar shekara da shekaru, na sha faɗa wa ɗalibai yaƙin Trafalgar na 1805 da yadda aka harbe Nelson, kwamandan rundunar ruwan Birtaniya, a kan wannan jirgi, amma sai da na zauna ina jera igwa ɗaya bayan ɗaya a hawa uku sannan na gane me ake nufi da jirgi mai igwa 104, na dinga tunanin mutanen da suka kwana a tsakanin waɗannan igogin wata da watanni ba su ga ƙasa ba. Jirgin na nan har yau a Portsmouth.

Maganar ido kuwa kar ka ji nauyi, duk mu ma haka ne. Ka je wajen masu sayar da kayan gyaran waya ta Terminus ka sayi fitilar nan mai gilashin ƙara girma da suke aiki da ita, ka haɗa da matsefata biyu, mai miƙaƙƙen baki da mai lanƙwasa. Ni bayan sallar asuba nake aikina zuwa ƙarfe tara, hasken safiya ya fi kowace fitila, kuma hannu bai fara rawa ba tukun. Da dare in an ɗauke wuta na gwada da fitilar caji, washegari na ga na ɗaura igiyoyi shida a gurbin da ba nasu ba, duk sai da na warware.

Injiniya Gwarinpa

Ni ɗan Jos ne aiki ya kawo ni Abuja. Naku da sauƙi ku da kuke cikin sanyi. Na bar kwalin jirgi a but ɗin mota wuni ɗaya cikin watan Maris, da na buɗe da yamma ɓarin gangar jikin ya murɗe ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Ruwan ɗumi na jiƙa shi, wanda hannu zai iya jurewa ba tafasasshe ba, na dinga miƙar da shi a hankali sannan na ɗaure da robar kuɗi da maƙalan shanya har ya huce. Ya dawo amma ba duka ba, ƙasan sai da na cike.

Sandarka da ta tsage, in mai rami ce a ciki ka zura mata siririn ƙarfe, sifok ɗin keke ma yana yi, sannan ka haɗe. Ka yi wa sauran biyun ma in za su buɗu. Robar 1988 ta tsufa, kuma Cutty Sark na 1:96 ya kusa santimita 90 a tsayi, in ka fara jan igiyoyi za ka ga sandunan suna sunkuyawa. Ƙananan sandunan gicciye na can sama ni cire su na yi gaba ɗaya na fere tsinken tsire na gora na goge da sanfefa na sa a madadinsu, in an shafa fenti babu mai ganewa.

Maman Abba

Allah ya jiƙan Baba. Ni ba ni ke haɗawa ba, maigidan ne, amma zare duk ni nake zaɓo masa tunda ɗinki nake yi. A Katako ya tsinci kwalin jirgin Santa Maria cikin dilar kayan wasan yara na gwanjo, mai kayan bai ma san mene ne ba, ya dawo gida yana ta murna yana ba ni labarin rabon shi da irin wannan tun kafin gobarar babbar kasuwa ta 2002. Zaren da ya zo cikin kwalin duk gashi-gashi ne, in ya ɗaura sai ka ga kamar ƙura ta kama. Na ce masa ya ja shi a kan kakin zuma sau biyu kamar yadda masu ɗinkin takalmi suke yi, gashin ya kwanta luf. Kuma ƙyallayen iskan na roba ne masu sheƙi, bai so su ba, na yanko masa daga tsohuwar farar shadda da ta sha wanki ta yi laushi, na tsoma a ruwan shayi ba madara, na yi musu layi-layi da keke da ƙaramin ɗinki. Yanzu baƙi in sun shigo falo wajen suke fara tsayawa.

Malam na Nasarawa

Maman Abba kin taɓo babban wuri. In ƙara da abin da Jos ta koya min: zaren auduga yana bin yanayi. Na ɗaura nawa cikin Agusta ana tsakiyar ruwa, sun yi tsaf, hunturu na shigowa a Disamba duk suka saki kamar igiyar shanya. Wanda kuma ya ja su da ƙarfi cikin hunturu, damina na zuwa zaren zai ɗame ya lanƙwasa masa sanda. Zaren roba na teloli bai cika yin haka ba. Kuma kala biyu za ka nema Baban Khalifa, baƙi da ruwan ƙasa. Baƙaƙen su ne igiyoyin da ke riƙe sanduna, a jirgin gaske kwalta ake shafa musu don kar ruwan teku ya ci su, masu ruwan ƙasan su ne waɗanda matuƙa ke ja suna saki. Ka fara da baƙaƙen, daga ƙasa zuwa sama, daga ciki zuwa waje, in ka ɗaura na dama ka ɗaura ɗan'uwansa na hagu kafin ka tashi.

Ɗan Bukuru

Igiyoyin nan masu kamar tsani su ne suka kori yawancinmu muna yara. Ni layi biyar nake yi a rana in ajiye. Wata huɗu na yi a kansu kuma ban gaji ba, abin da ya ba ni mamaki kenan, don da ina yaro so nake in gama ranar Asabar in nuna wa abokai ranar Litinin, yanzu kuwa in na dawo daga shago kaina ya ɗau zafi sai in zauna in ɗaura ƙulli ashirin, kafin isha'i na ji na dawo daidai.

Auta Farin Gada

Baban Khalifa, ni tambaya ce da ni, akwai siffar mace a goshin Cutty Sark ɗin, ya za ku yi da ita? Ni a nawa ban sa ba saboda a ɗakin nake sallah, na goge wajen na shafa fenti kawai kuma bai rage masa kyau ba. Sannan don Allah kar ku bari a fili, ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin zaren nan ba ta fita, buroshi ma tsinka su yake. Masu almini na kan hanyar Bauci suka yi min ƙaramin shogilas irin na masu sayar da cincin, na ba su awo da ƙarin yatsa huɗu ta kowane gefe.

Baban Khalifa (Rikkos)

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, amin ga addu'o'in da kuka yi wa Baba. Auta, siffar tana nan a jikin robarta ban taɓa cirewa ba, nan zan bar ta. Jiya na zazzage kwalin a kan farin zani ni da Khalifa muka ƙirga komai da takardar a hannu, shi yana karanto lamba ni ina nema. Anka ɗaya ce babu (ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi), da ƙaramin kwalekwale ɗaya daga cikin na saman jirgin, sauran duk suna nan. Na wanke su da ruwan sabulu na shanya a inuwa. Khalifa sai tambaya yake me jirgin ke ɗaukowa, na ce masa ganyen shayi daga Sin zuwa Landan, daga baya ulu daga Ostireliya, an ƙera shi a 1869 kuma yana nan a Greenwich ana zuwa kallo duk da gobarar da ya yi a 2007, ya ce shi zai yi fentin ƙasan. Na ce to amma sai ya fara gwada hannu a jikin ragowar roba.

Injiniya, na duba sandar tana da rami, gobe zan biya wajen mai gyaran keke. Malam, in ba takura ranar Asabar bayan la'asar zan shigo Nasarawa da takardar igiyoyin ka nuna min inda zan fara, akwai shafi biyu da ruwa ya taɓa lambobin sun dushe. Wanda kuma yake da anka ta 1:96 da ba ya amfani da ita ya yi min magana.