Ƙanwata na ji wa kanta ciwo kuma wai ba ta jin zafi, anya?

Maman Biyu:
Salam ƴan uwa. Jiya ina yi wa ƙanwata kitso hannun rigarta ya zame sai na ga tabo reras, wasu sun warke wasu sababbi. Da na matsa mata ta ce ita ke yi wa kanta in ranta ya ɓaci, wai a lokacin ko zafi ba ta ji sai can daga baya. Shekararta 22. Likita ya taɓa cewa BPD ce da ita, wata lalurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya kasa shawo kan ɓacin rai da damuwa, amma Hajiyarmu ta dage iska ce. Ni kuwa har na fara zargin so take a kula ta, mutum da jini a jika ya ce bai ji zafi ba?

Nas Mai Dare:
Yaya ba ƙarya take ba wallahi. A Manhaim ta Jamus an gwada masu wannan lalura da zafin na'ura a fata, binciken 2006, aka ga sai an ƙara zafin fiye da na sauran mutane kafin su ce ya dame su, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna sashen tsoro da tashin hankali yana lafawa lokacin da zafin ya zo. Fatar lafiyarta lau, ƙwaƙwalwa ce ke rage jin zafin, musamman in damuwa ta kai maƙura. Shi ya sa abin ke zama jiki, sauƙin na ɗan lokaci ne sai kunya ta biyo baya a sake komawa. Kuma wadda ke ɓoyewa da dogon hannu ai ba neman kallo take ba.

Ƴar Zariya:
Ni na yi wannan rayuwar shekara huɗu. Ji nake kamar ba ni ba ce a jikina, ana magana ina jin ta kamar daga bayan katanga. Ranar da Antina ta gani ta hau salati tana Allah ya tsine, ban daina ba, ɓoyewa kawai na ƙara iyawa. Abin da ya taimake ni wani salon jinya ne ta hanyar tattaunawa da koyon dabarun shawo kan damuwa, DBT, na Marsha Linehan, wata masaniyar halayyar ɗan Adam wadda ita ma ta yi fama da irin wannan. Har yau in abin ya taso ruwan sanyi nake tara a kwano in tsoma fuskata, bugun zuciya ya sauka.

Nas Mai Dare:
Na manta, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin. In ta ce eh kar a kwana, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato. Addu'a kuma a ci gaba, ba ta hana ganin likita.

Maman Biyu:
Na gode. Yanzu Hajiya ce aikin, ko in ɗauko Kawu ya yi mata magana, shi take ji.