Don Allah a ba ni shawara kan jarabawar tantancewar ƙanena

Maman Walid: Assalamu alaikum. Autanmu ne, tun rasuwar Baba yake hannuna a nan Gombe. Da kuɗin ɗinki na biya masa WAEC da NECO, har kekena ɗaya na sayar, maigida na ta faɗa wai na sangarta shi, dangin Baba kuwa ko sannu. Bana ya ci 238 a JAMB, likitanci yake so. Jami'ar da ya zaɓa ta yi musu tata jarabawar a kwamfuta, tun da ya dawo ya yi gum. Yanzu wani ya ce in kawo kuɗi a gyara masa. In bayar, ko ya sauya kwas? Barci ya gagare ni.

Malam na Jekadafari: Ko sisi kada ki bayar. Ita kanta Post-UTME ɗin, wato jarabawar da jami'a ke yi bayan JAMB, ba ta bisa ƙa'ida, Adamu Adamu, ministan ilimi na lokacin, ya soke ta tun 2016. Ki je ki nuna musu kin san doka.

Baban Ikram: Malam, ai an dawo da ita a 2017, da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Wasu jami'o'in jarabawa suke yi, wasu su haɗa makin JAMB da sakamakon sakandare kawai. Hajiya, nawa ya ci a tasu? Ya ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafin JAMB? In bai ɗora ba, CAPS, wato manhajar JAMB ta ba da gurbin karatu, ba za ta ba shi gurbi ba.

Maman Walid: Ban tambaye shi ba, yaro ne mai zuciya. Amma na san ƙanena, yana da ƙwaƙwalwa.

Ummu Sadiq: Hmm. Tawa 'yar makinta ya fi haka, aka bai wa 'yar wani babba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yanzu kwalejin jinya take.

Malam na Jekadafari: To ko an dawo da ita, maganata na nan. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari baya a ilimi, kuma Gombe da Bauchi na ciki. Ya zauna daram, kada ya sauya komai.

Baban Ikram: Da 238 cikin 400 a likitanci? Gurbin kaɗan ne. Gara ya koma wani kwas na kimiyya tun ba a rufe ba, ko ya duba jami'ar tarayya ta Kashere, ko ya shiga IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a.

Maman Walid: Baba likita ya so ya zama, ba zan canza masa ba. Mutumin ma ba baƙo ba ne, abokin maigida ne, rabi ya ce in fara bayarwa.

Ummu Sadiq: Nawa ya ce? Ki biyo ni ta bayan fage.