Hayaniyar da ake yi a Majalisar Birtaniya tana sauya wani abu kuwa?

Nura Gwammaja

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu bin siyasar Birtaniya. Duk Laraba sai bidiyo ya fito: firaminista a tsaye, shugaban 'yan adawa yana jifansa da tambayoyi, na baya suna ihu, kakaki yana ta tsawatarwa. Yau batun asibiti, gobe tsaro, jibi ciniki ko sauyin yanayi. Wannan cacar baki tana taɓa abin da ake zartarwa? In jam'iyya mai mulki ce ke da rinjaye, me zai hana ta yin yadda ta so? A ina ake yanke maganar?

Malam Habu

Wa alaikumus salam, Malam Nura. Zaman Laraban nan ana fara shi ƙarfe 12 na rana, wajen rabin awa. Shugaban 'yan adawa yana da tambaya 6, shugaban jam'iyya ta uku yana da 2. Ba a kaɗa ƙuri'a a ƙarshensa, saboda haka babu dokar da ke fitowa daga gare shi.

Inda ƙarfin yake shi ne hannun bulaliyar jam'iyya, wato 'yan majalisar da jam'iyya ke naɗawa su tabbatar 'yan'uwansu sun bi umarninta a ƙuri'a. Kowane mako tana aika wa 'yan majalisarta takardar ayyukan da ke tafe, an ja layi ƙarƙashin kowace ƙuri'a. Layi ɗaya, in ka samu dama ka zo. Layi uku, dole ka zo kuma ka bi jam'iyya. Idan lokacin ƙuri'a ya yi ana kaɗa ƙararrawa, bisa al'ada akwai minti 8 kafin a rufe ƙofofi, kowa ya bi ta zauren masu amincewa ko na masu ƙi, mutum huɗu su ƙirga su kawo wa kakaki sakamako. Ba a ɓoye sunan kowa. Wanda ya bijire ana iya dakatar da shi daga rukunin jam'iyya a majalisa, in kuma zaɓe ya same shi a haka ba zai tsaya da tutarta ba. Firaminista Boris Johnson ya yi wa mutum 21 haka a Satumban 2019, Firaminista Keir Starmer ya yi wa 7 a Yulin 2024.

Gwamnati ce kuma ke riƙe da jadawalin zama. 'Yan adawa kwana 20 kacal suke samu a zangon majalisa, 17 na babbar jam'iyyar adawa, kuma ƙudurin da suka ci a ranakun yawanci ba ya ɗaure gwamnati. Kujerun 650 ne. In kana da rinjaye mai kauri, 'yan adawa ba za su kayar da kai su kaɗai ba. Mutanenka na kujerun baya, wato 'yan majalisar jam'iyyarka da ba su da muƙami a gwamnati, su ne abin tsoro. A 15 ga Janairun 2019 Firaminista Theresa May ta sha kaye 432 da 202 kan yarjejeniyar fita daga Tarayyar Turai, kuma 118 cikin waɗanda suka ƙi 'yan jam'iyyarta ne.

Hajiya Binta

Malam Habu ya yi bayani mai kyau, sai dai a tsaro da ciniki sau da yawa ko ƙuri'ar ma ba a kaiwa gare ta. Tura soja yaƙi da ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa tsohon ikon sarauta ne da ya koma hannun ministoci. Babu dokar da ta tilasta firaminista ya nemi izinin majalisa kafin ya kai hari. Wannan ya sha bamban da Najeriya, inda sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya hana shugaban ƙasa ayyana yaƙi sai da amincewar majalisun biyu.

Abin da suke da shi al'ada ce da ta yi ƙarfi tun ƙuri'ar yaƙin Iraƙi a Maris 2003. A Agustan 2013 Firaminista David Cameron ya kai batun hari kan Siriya gaban majalisa, aka kayar da shi 285 da 272, ya haƙura. A Disambar 2015 ya dawo da batun luguden wuta kan ISIS a Siriya ya ci 397 da 223, bayan Jeremy Corbyn, shugaban jam'iyyar adawa ta Leba a lokacin, ya bar 'yan jam'iyyarsa kowa ya bi ra'ayinsa. A Afrilun 2018 kuwa May ta kai hari kawai, aka yi muhawara daga baya. Al'adar tana aiki ne gwargwadon yadda firaminista ya yarda da ita.

Bayanan sirri ba a zaure ake duba su ba. Akwai kwamitin leƙen asiri da tsaro mai mutum 9 daga majalisun biyu, zamansa a rufe, kuma rahotonsa sai ya bi ta ofishin firaminista kafin ya fito. Nan matsalar take: rahotonsa kan Rasha an gama shi a 2019, bai fito ba sai Yulin 2020, bayan an wuce zaɓe.

Ciniki ya fi ba ni takaici. Dokar 2010 ta ce a ajiye yarjejeniya gaban majalisa kwana 21 na zama kafin a tabbatar da ita. Majalisar wakilai na iya jinkirta ta da ƙuduri, amma ba ta iya sauya ko kalma ɗaya, kuma gwamnati ba dole ta ware lokacin muhawara ba. Yarjejeniyar ciniki da Ostareliya, wadda aka sa wa hannu a Disambar 2021, kwanakinta 21 sun ƙare a Yulin 2022 ba tare da an ƙuri'ance ta ba, alhali masu kiwon shanu da tumaki suna ta kuka kan naman da zai shigo. Da tsohon ministan noma George Eustice ya tashi a Nuwamba yana cewa yarjejeniyar ba ta yi wa Birtaniya kyau ba, ihu ne bayan hari.

Sani Dakata

Ni ban yarda a raina zaman Laraba gaba ɗaya ba, Malam Habu. Kafin firaminista ya shiga, sai ma'aikatu sun kawo masa bayani kan duk abin da za a iya tambayarsa, ta nan yake gano ɓarakar da ministansa bai faɗa masa ba. 'Yan baya kuma suna auna shi. Shugaban da ke faɗuwa mako bayan mako, bulaliyarsa ba ta daɗewa da kaifi.

A kiwon lafiya, ka fara da sanin cewa rikicin da kake ji kan NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, na Ingila ne kawai. Sukotland, Wales da Ireland ta Arewa kowa majalisarsa ke kula da asibitocinsa. Na biyu, minista ne kaɗai ke iya kawo buƙatar kashe kuɗi, ɗan adawa ba zai iya ƙara ko fam ɗaya a kasafin lafiya ba. Na uku, kwamitin da ke bin ƙudurin doka sashe-sashe bulaliyoyi ne ke zaɓar mutanensa bisa rinjayen zaure, gyaran 'yan adawa da wuya ya wuce.

Duk da haka ana lanƙwasa gwamnati. Ƙudurin ministan lafiya Andrew Lansley na sauya fasalin NHS ya shiga a Janairun 2011, a Afrilu aka dakatar da shi saboda likitoci da abokan haɗakar gwamnati na Liberal Democrat sun ƙi. Ya sha gyare-gyare masu ɗimbin yawa, ciki har da na majalisar dattawa, kafin ya zama doka a Maris 2012. Hukumomin da ya kafa na sayen ayyukan lafiya, dokar 2022 ta rushe su, kuma jam'iyya ɗaya ce ta jagoranci duka biyun. Ka kuma riƙa karanta rahotannin kwamitocin bincike, waɗanda tun 2010 ake zaɓar shugabanninsu da ƙuri'ar sirri. Rahoton Oktoban 2021 da ya caccaki yadda gwamnati ta fara tunkarar korona, Jeremy Hunt da Greg Clark ne suka jagorance shi, dukansu 'yan jam'iyya mai mulki.

Nura Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Sauyin yanayi fa? A nan nake jin murya ta fi tashi kwanan nan.

Hajiya Binta

Abin mamaki, ɗan'uwa, dokar sauyin yanayi ta 2008 kusan kowa ya amince da ita, masu ƙi ba su kai goma ba. Ta ce a rage hayaƙi mai dumama duniya da kashi 80 cikin 100 zuwa 2050, a kan ma'aunin 1990, ana kuma ƙayyade yawan hayaƙin da za a fitar duk shekara 5. A Yunin 2019 aka mayar da shi kashi 100 ta ƙaramar dokar da minista ke kawowa, irin wadda ba a yi mata gyara, sai dai a karɓa ko a ƙi, kuma rabon majalisar wakilai da ƙin irinta tun ƙarshen shekarun 1970.

Rigimar tana kan wanda zai biya: kuɗin wuta, motoci, haƙar mai a Tekun Arewa. A 19 ga Oktoban 2022 Leba ta kawo ƙuduri kan haƙar iskar gas ta fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa, ta tsara shi yadda zai ƙwace jadawali daga gwamnati. Bulaliya ta ce ƙuri'ar amincewa da gwamnati ce, minista ya tashi a zaure ya ce ba haka ba ne, aka rikice a bakin ƙofa. Gwamnati ta ci 326 da 230, washegari Firaminista Liz Truss ta sanar da murabus. A Satumban 2023 kuma Firaminista Rishi Sunak ya ɗage hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2030 zuwa 2035 a taron manema labarai, majalisa tana hutu, har kakaki Lindsay Hoyle ya nuna ɓacin ransa.

Tun da adadin rage hayaƙin yana rubuce a doka, ƙungiyoyi na iya zuwa kotu. Babbar kotu ta yanke a Yulin 2022, ta sake a Mayun 2024, cewa shirin gwamnati na cika alkawarin bai bi ƙa'idar dokar 2008 ba, aka umarce ta ta sake rubuta shi.