Zagi da nakasa a hirar gem: a hana ko a bari?

Oga_Admin

Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mu uku ne muke kula da wata saba (dandalin hira) a manhajar Discord ta masu buga PUBG Mobile da Call of Duty, dokarmu tun farko ba zagin iyaye, ba taɓa addini ko ƙabila, wanda ya yi waje road. To yanzu wata rigimar ce ta taso. Kun san dai yadda ake in wasa ya yi zafi, mutum ya kasa hango abokin gaba sai ka ji "kai makaho ne?", in bai ji kira ba a ce kurman banza, in ya makara a ce gurgu kawai, ga kuma kalmar nan ta Turanci mai farawa da R, ta zagin masu nakasar ƙwaƙwalwa, da yara suka kwaso a bakin masu laif. Wani memba mai i'ina ya same ni ta bayan fage ya ce ya daina kunna maik saboda da ya buɗe baki ake kwaikwayonsa ana dariya. Abokin aikina ɗaya ya ce mu zuba kalmomin duka a AutoMod, injin tace saƙonni na Discord, a toshe, ɗayan ya ce in muka yi haka sabar za ta watse. Me kuke gani?

Sinaifa99

Haba oga, gem ne fa ba aji ba. Wanda ya ce min makaho don na ɓarar da harbi ba makafin duniya yake nufi ba, ni yake nufi, kuma na san na yi shirme. Akwai madannin miyut, wanda bai son ji ya danna. Matsalar doka irin wannan ba ta da iyaka, yau makaho gobe wawa jibi dolo, ƙarshe sai dai mu riƙa ce wa juna sannu da ƙoƙari. Kamfanin Riot ma a 2021 sun ce za su rufe hira tsakanin ɓangarori biyu a League of Legends saboda zage-zage, mutane suka yi musu caa dole suka sassauta. Na mai i'inar dai ban goyi baya ba, wannan cin fuska ne, a ja kunnen masu yi kawai.

Yar_Baiwa

Ɗan uwa Sinaifa bari in ba ka amsa a matsayin wadda abin ya shafa. Shan inna ta taɓa ni tun ina ƙarama, da sanda nake tafiya. Abin da ya sa nake son gem shi ne a can ba mai kallon ƙafata, ina gudu ina tsalle ina haye katanga kamar kowa, sai kuma a tsakiyar haka wani ya ce wa wani "gurgun banza" kowa ya fashe da dariya, ba ni aka zaga ba amma ni aka yi zagin da ni, an ɗauki halittata an mai da ita abin da ake jifan wanda ya yi shirme. Ka ce a danna miyut, to kai da kake sinaifa ka fi kowa sanin in ka rufe muryar 'yan skwad ɗinka ka rufe wanda zai ce maka ga mutum a bayanka, an gama da kai kenan. Kuma don me wanda aka ci wa mutunci ne zai yi aikin, mai bakin yana zaune abinsa?

Oga Admin, me ya sa kuka hana zagin ƙabila? Ba don mutum bai zaɓar wa kansa ba? To wa ya zaɓi makanta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa, wajen kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, wato duk mutum shida akwai ɗaya. Muna nan cikin sabarku, shiru kawai muke. Kamfanonin ma sun san da mu, Microsoft ta fitar da na'urar wasa ta Xbox ta musamman don masu nakasa a 2018, Sony ta fitar da tata a 2023.

Amma don Allah kar ku toshe kalmomin kansu. Ni gurguwa ce, haka nake faɗa ba na jin kunya. In kurma ya shigo ya rubuta "ni kurma ne ku riƙa yi min alama a taswira" sai injin ya goge masa saƙo? Kun ga an koma hukunta wanda aka ce za a kare.

Injiniya_K

Yar_Baiwa ta gama magana, ni ta ɓangaren na'ura zan ƙara. Kamfanin Ubisoft sun gwada wannan a Rainbow Six Siege a 2018, kana rubuta kalmar da aka hana take za a dakatar da kai, kafin shekarar ta ƙare suka canza, aka koma toshe saƙon sannan mutum ya duba kafin hukunci. Inji bai san niyya ba. Kuma yara sun fi shi wayo, a sa lamba a madadin harafi ko a raba kalma da ɗigo shi kenan ta wuce. Sannan yawancin abin a murya ake yi, shi ya sa Activision suka kawo ToxMod a 2023 yana sauraron hirar murya a Call of Duty, ku kuwa ba ku da wannan, kwaikwayon mai i'ina ma ba kalma ba ce balle a toshe.

Shawarata, kalmar R ɗin ku toshe ta kai tsaye, ba ta da wani amfani a hirarku, Amurka ma tun 2010 ta cire asalinta daga dokokin tarayya na lafiya, ilimi da ƙwadago. Sauran kuwa ku saita AutoMod ya turo muku sanarwa kawai ba gogewa ba, ku karanta da idonku. Hukunci hawa-hawa: gargaɗi, sai a rufe masa baki na kwana ɗaya, in ya ƙi ji a fitar da shi.

Sinaifa99

To na ji, maganar miyut na janye yaya. Amma mahaukaci fa? Mu yabo muke da ita, mutum ya share skwad shi kaɗai mu ce wallahi mahaukacin ɗan wasa ne. Ita ma sanarwa za ta tafi wajen admin?

Yar_Baiwa

Ta tafi mana, ai shi ya sa aka ce mutum ya karanta. Admin ɗin da ya kasa bambance yabo da zagi ya ba wani kujerar. Oga, shi mai i'inar ku tambaye shi tukuna ko yana so a yi maganarsa a fili, kar ku je gyara ku sa a gane shi ne ya kai ƙara.