Kafin ka kunna tsohuwar amfilifaya

Da aka zauna tattaunawa kan tsofaffin amfilifayoyi, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, irin su Quad 405 ta 1975 da na Sansui da Marantz, baki ya zo ɗaya a kan abu guda: na'urar da ta daɗe a ajiye ba a jona ta da wuta kai tsaye. A sa kwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a tsakaninta da wutar. In kwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya ci gaba da haske sosai, akwai shot a cikin na'urar, wato wuta na bin hanyar da bai kamata ba, a kashe nan take.

Bayan nan a auna wutar DC, wato mai gudu ta fuska ɗaya kamar ta batir, a mafitar sauti kafin a haɗa lasifika. Ƙasa da milibolt 50 ba matsala.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne kafasito, wato kayan da ke tara cajin wuta a cikin na'urar. Wasu suka ce a sauya masu ruwa a ciki gaba ɗaya, tunda bayan shekara arba'in ruwan ya bushe. Wasu suka ce a auna tukuna, a cire wanda ya kumbura ko ya yoye kawai. Ni na fi karkata ga sauya ƙananan duka, a gwada manyan. Amma a sauke cajin manyan da rizisto, wato abin da ke rage gudun wuta, kafin a sa hannu, domin suna riƙe wuta ko an kashe na'urar.

An kuma ja kunne kan jabun tiransisto, wato ƙananan kayan da ke ƙara ƙarfin siginar sauti, da suka cika kasuwa. Na asali da bai ƙone ba, a bar shi, a sabunta masa man da ke kai zafi jikin ƙarfen sanyaya.