Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba wa wasan "rowing" da masu yinsa?

Jama'a, assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya shiga wata ƙaramar ƙungiyar wasan ruwa a bakin Kogin Tems, kuma duk wata yana turo mini takardar labaran da suke rabawa membobinsu domin in karanta wa mahaifiyarmu da Hausa. Tun a layin farko nake cijewa, saboda sunan wasan kansa, wato "rowing", ba shi da takamaimiyar kalma a bakinmu. Gidajen rediyo sukan ce "tseren kwale-kwale", ni ma da shi na fara, har ranar da Hajiya ta kalli hoton da ya aiko ta ce, "To wannan wane irin tuƙi ne, mutum ya ba wa inda za shi baya?"

Tambayar tata ita ce ta nuna mini inda matsalar take. Mai fito a Kwara ko mai tsere a bikin Argungu yana fuskantar gaba ne, filafilinsa a hannunsa kawai yake, yana cusa shi cikin ruwa yana zaro shi. A wannan wasa kuwa filafilin maƙale yake a wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgin, mutum yana zaune a kan kujera mai ƙananan tayoyi da ke zamewa gaba da baya, yana tokare ƙafafunsa yana jan filafilin zuwa ƙirjinsa, fuskarsa tana kallon inda ya baro. Jirgin mutum takwas ya kusa mita 18 a tsayi, ga shi siriri ƙwarai. A gasar Olamfik ma tseren masu fuskantar gaba da wannan wasanni biyu ne daban, kowane da hukumarsa ta duniya, don haka idan muka kira su duka "tseren kwale-kwale", ranar da aka yi su tare mai sauraro ba zai san wanda ake nufi ba.

Da na kawo maganar nan makon jiya, an ba da shawarwari uku. Wani malami ya ce a bar shi "tuƙin jirgin ruwa". Malam, da girmamawa, "tuƙi" ya yi faɗi, domin da shi muke tuƙa mota, da shi muke tuƙa tuwo, kuma direban jirgin dakon kaya a teku ma tuƙin jirgin ruwa yake yi. Wata 'yar'uwa ta kawo "tuƙin baya", wanda ya kama abin da ido ke fara gani, sai dai kunnen Bahaushe zai iya jin sa kamar mota ce ake ja da baya, alhali jirgin gaba yake tafiya, mutanen ne suka juya. Na ukun shi ne "jan filafili", kuma shi na fi karkata gare shi, domin ya ambaci kayan aikin da motsin a tare, ya kuma bar mana hanyar faɗin sauran abubuwa ba tare da wahala ba: masu jan filafili, jan filafili ɗaya idan kowa na riƙe da guda da hannu biyu, jan filafili biyu idan kowane hannu da nasa. Na san masu wasan za su ce yawancin ƙarfin daga cinya yake fitowa, to amma su ma a bakinsu "ja" suke kiran abin.

Da wannan suna za mu iya cewa jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara gasar jan filafili tsakaninsu a 1829, kuma yanzu ana yin ta a Landan a tazarar kilomita 6.8. Za mu iya cewa ɗan Nijar, Hamadou Djibo Issaka, ya shiga gasar jan filafili biyu ta mutum ɗaya a Olamfik ɗin Landan na 2012 bayan 'yan watanni kacal da fara koyo, ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi. Jimlolin sun zauna ba tare da an yi musu ƙarin bayani ba.

Kalmar "regatta" ba ta ba ni wahala ba, domin mutanen Yawuri sun riga mu: Rigata suke kiran bikinsu na jiragen ruwa a Kwara. Saboda haka taron tseren jiragen ruwa na garin Henley a Ingila da aka faro a 1839 rigatar Henley ce, haka ma ƙaramin taron da ƙungiyar ƙanena ke shiryawa sau ɗaya a shekara.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne "volunteer", wato masu yin aiki ba don a biya su ba, domin rabin labaran takardar a kansu ne. Ba wanda ake biya a ƙungiyar. Mai koyarwa da ke bin su da ƙaramin jirgi mai inji tun ƙarfe shida na safe a cikin hunturu ma'aikaciyar jinya ce, ma'aji kuwa dattijo ne da ya yi ritaya, shi ke bin membobi kuɗin shekara. Ƙanena ya ce bayan an fito daga ruwa su takwas ɗin ne ke ɗaga jirgin bisa kawunansu, ruwa na tsiyaya musu a wuya, su ɗora shi a kan mazauni su wanke shi da soso kafin a shigar da shi rumfa, sannan a taru a sha shayi da kek ɗin da wata ta toya a gida, kuɗin da aka tara a ajiye don sayen sabon filafili. Da na ce wa Hajiya "ƙungiyar 'yan sa-kai ce", sai ta dafe ƙirji, domin a Zamfara da Katsina yau 'yan sa-kai masu bindiga ne a daji. Tun daga nan na koma cewa "masu aikin sa-kai", wanda ƙara kalmar "aiki" kawai ta raba shi da wancan. Ranar da aka kira kowa ya zo da tsintsiya da fenti don gyaran rumfar jirage kuwa, wannan gayya ce, ba ta buƙatar sabon suna.

Saura "cox", mutum na tara a jirgin takwas, wanda ba ya riƙe filafili. Yawanci mai ƙaramin jiki ne, yana zaune a ƙarshen jirgi, shi kaɗai ke ganin gaba, yana jan igiyoyi biyu da ke karkata jirgin dama da hagu, yana kuma kira wa sauran lokacin ja. An ce a kira shi "jagora", amma shugaban ƙungiya ma jagora ne. Ni dai "mai linzami" na rubuta a fassarar wannan wata, saboda igiyoyin nan biyu, kuma Hajiya ta gane shi nan take. Idan akwai Basarke ko ɗan Yawuri a nan da ya san sunan da ake kiran mai zama a gindin jirgi yana karkata shi, don Allah ya faɗa mana kafin takardar wata mai zuwa ta iso.