Fassarar jimlolin Sinanci zuwa Turanci: ina kuskuren yake?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum malamai. Saƙonnin 'yan kasuwar birnin Guangzhou na ƙasar Sin da ake mayarwa Turanci domin masu kaya a Kasuwar Barci, in aka bi su kalma da kalma ba sa zama daidai, ko da an san ma'anar kowace kalma. Wane tsari ya kamata a bi?

Malamar Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Ka fara da mahaɗan da ke zuwa bibbiyu. Basine yana cewa 虽然 suiran a farko, sannan 但是 danshi a tsakiya, kuma mu Hausawa haka muke yi: ko da yake yana da tsada, amma yana da kyau. Shi ya sa hannu ke saurin rubuta although da but a jimla guda, alhali Turanci ɗaya kawai yake karɓa. Although it is expensive, it is good. Haka 因为 yinwei da 所以 suoyi: ko because ko so, ba duka ba. Amma 不但 budan da 而且 erqie, nan Turanci ma biyun yake so, not only da but also.

Sai jerin jimla. Sinanci yana kawo lokaci da wuri kafin aikatau: 我昨天在广州买了三台机器. Ka kai su ƙarshe, wuri kafin lokaci: I bought three machines in Guangzhou yesterday. Wannan 台 tai ɗin kalmar ƙidaya ce, ka jefar da ita, ka sa s a kan machine.

Malam na Tudun Wada:
Gaskiyar Malama. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne 了 le, don ba kullum yake nufin abu ya wuce ba. 我学了两年中文 na nufin I studied Chinese for two years, an gama. In aka ƙara wani 了 a ƙarshe, har yanzu ana kai: I have been studying Chinese for two years.

Ka lura da 的 de kuma. Duk bayanin da ya gabace shi, sunan da ke bayansa yake siffantawa, sai ka juyo daga baya. 我昨天买的机器坏了, ka ɗauko injin tukuna: The machine I bought yesterday has broken down. A nan Hausa za ta taimake ka, domin mu ma injin da na saya jiya muke cewa. Ita kuwa kalmar 把, wadda ake furtawa "ba", ba a fassara ta sam. 请把发票发给我 kawai Please send me the invoice ne.

Ɗan Kakuri:
Tunda maganar kaya ce, ɗan'uwa, ka kula da 万 wan. Dubu goma ne, ba dubu ba. 三十万, wato wan talatin, shi ne 300,000. Ka rubuta adadin da lambobi a takarda, ka ƙirga sifilai, kafin ka tura wa mai kaya.